Ciyawar Ƙarƙashin Gada

Ni ban nemi kifin ado ba. Ɗana na fari ne ya bar min su, guda uku jajaye, cikin akwatin gilashi mai ruwa da ciyawa. Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne. Bara da damina kogin Binuwai ya ci shi, aka binne shi a bakin ruwa ƙasan gadar Garwa, don wanda ruwa ya ci ba a kawo shi gida. Na haɗiye, ban yi musu ba.

Kifin nan su kaɗai suka rage masu numfashi cikin kayansa, kuma tun rasuwarsa da ƙyar suke taɓa abinci. Da ciyawarsu ta ruɓe, na je wurin Dieudonné mai sayar da kifin ado a bayan babbar kasuwa. Ya ƙulla min sabuwa a leda, ya ce daga birnin Duwala ta zo.

Ba a jima ba dodon koɗi ya ɓulla, ƙanana kamar ƙwayar dawa. Na tsince na watsa wa agwagi. Na jefa ganyen salati, suka lulluɓe shi, na zubar. Washegari sun fi na jiya.

Sai na lura duk gefe ɗaya suke taruwa, wanda ke kallon ɗakin yaron. Na kira maƙwabciyata Aisatu muka juya akwatin. Kafin la'asar sun koma gefen ɗakin. Ɗakin kuma, da yake kulle, ya kama warin laka. Rannan da rana tsaka na ga kifin sun taso saman ruwa suna buɗe baki, yadda suka saba yi in yaron ya tsaya kansu. Ba kowa a wurin.

Na ja mayafi sai kasuwa.

"Kai Dieudonné, Duwala a ƙasan gada take?"

Ya yi dariya. "Mama, ƙwan dodon koɗi ne ke manne a ganye. Ga magani, ki ɗiga."

"Kifin fa?"

"To, wani lokaci su ma yakan taɓa su."

"Sha abinka. A ina ka yanko?"

Ya sosa ƙeya. Wai akwai wani wuri a ƙasan gadar, bayan masu wanki, ciyawar ta fi ko'ina kauri, ba mai taɓa ta.

"Ba ka tambayi dalili ba? Duk masuntan Garwa makafi ne, kai kaɗai ke da ido?"

Na kai shi gaban lawan, mai unguwarmu. Na ce ni na bar wa ruwa abin da ya ɗauka, wannan ya ƙullo min shi a leda. Ba kuɗinsa nake so ba. Hannun da ya yanko shi zai mayar. Lawan ya ce haka za a yi.

Dieudonné ya zo ya tuge ciyawar, ya kankare gilashin tas, ya zuba komai a bokiti. Da zai ɗaga sai ya dube ni.

"Mama, da nauyi."

"Wata tara na ɗauke shi. Wuce."

Na bi shi har bakin gada na tsaya, ban sauka ba.

Warin laka ya tafi. Amma tun ranar kifin ko ƙwaya ba su ci ba. Sun jeru a gefen da ke kallon kogi, hanci a jikin gilashi. Jiya ƙaramin ya juya ciki sama.

Yau da hantsi na koma kasuwa. Dieudonné yana hango ni ya miƙe.

"Pardon, Mama, ai na mayar."

"Na sani. Ka kashe min ɗaya, saura biyu. Ɗauki laujenka ka koma ka yanko."

"Ni ba na sake sauka wurin nan."

"Za ka sauka. Da ba ka nuna masa hanyar gida ba, da sun haƙura kamar yadda na haƙura."

Na zauna a kan bencinsa. Na riga na bar ɗakin yaron a buɗe.