Murfin Rijiyar Ilu

Ranar da akuyar gidan liman ta faɗa rijiya, mai unguwa ya aiko wa Ilu cewa bayan la'asar za a yanke maganar cike ta. Tun da aka kawo famfon sola unguwarsu a Ɗanzomo, ba mai zura guga a ciki. Ilu ne ya haƙa ta yana saurayi, zurfinta gaba ashirin da takwas. Yanzu ko tashi daga tabarma sai ya dafa bango.

Ya zauna a zaure, ko kallon furarsa bai yi ba. 'Yarsa Sabuwa, malamar tarihi a Gumel da ta zo hutu, tana gefe tana shirya darasi a waya. Don ta ɗauke masa hankali, ta shiga ba shi labarin abin da take karantawa: wani makami mai linzami na Amurka, Taitan na biyu, mai ɗauke da nukiliya, wanda ke iya tsallake teku. A ramuka hamsin da huɗu aka jibge irinsa, sojoji na gadi sama da shekara ashirin, ba a harba wa kowa ko ɗaya ba, har aka yi wa makaman ritaya.

Ilu bai tambayi ƙarfin makamin ba, zurfin ramin ya tambaya. Ta ɗan yi lissafi, ta ce wajen gaba ashirin da biyar.

"Saura uku su kamo ni. Sun sami ruwa?"

"Baba, ai ba ruwa suke nema ba."

Ya daɗe yana girgiza kai, tausayin mahaƙan ya kama shi. Can ya tambayi yadda aka yi da ramukan. Ta ce an rushe su an cike, sai ɗaya da aka bari da murfinsa, mutane na zuwa kallo.

A ƙofar gidan mai unguwa, Bilal shugaban matasa ya ce tifa biyu ta yashi ta isa, in ba so ake gobe yaro ya bi akuyar ba. Ilu ya san gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi masa ciwo.

"Ranka ya daɗe," in ji Ilu, "waɗanda suka haƙa ramin kashe mutane ma sun bar guda. Wannan rijiyar kuwa shekara hamsin tana shayar da ku. A yi mata murfi."

Aka yi dariya kaɗan, aka yarda. Da aka zo kan wanda zai zuba simintin kuwa, kowa ya sunkuyar da kai.

Kwana huɗu Ilu ya yi yana aikin, yana yi yana hutawa, Sabuwa na miƙo ruwa daga famfo. Ya bar 'yar ƙofa daidai guga, ya sa mata kwaɗo. Kafin ya kulle ya jefa tsakuwa, ya kara kunne. Shiru.

"Ke kin ji?"

"Na ji, Baba. Da ruwa."

Ya miƙa mata makullin, ya zauna a kan murfin yana mai da numfashi.