Rabin Wasa

Harafin R kaɗai ya fi Doris Attard tsawo. Tana durƙushe a kansa a daɓen zauren kulob, almakashi a hannu, sauran matan ƙungiyar magoya baya sun bazu a kan ragowar haruffan kamar masu shanyar hatsi. Takardar ja ce da fari, irin mai laushin nan da ke zuba idan ta ji gumi, don haka tafin hannun kowa ya rine. Labule suke haɗawa da ita. Ranar Lahadi, ranar wasan ƙarshe na kofin jiha, za a ɗaga shi a tsakiyar fili, 'yan wasan Callow Park su keto ta cikinsa a guje kamar yadda aka saba, kuma wanda aka rubuta sunansa shi ke fara ketawa. Wannan karon an rubuta: SAI WATA RANA, ROHAN.

Mai sunan yana tsaye a bakin ƙofa, da ƙanƙara ɗaure a gwiwoyinsa biyu. Ya ce wa Doris, mahaifiyarsa, ai da ta bari an rubuta sunan kulob kawai, wasan ƙarshe na kowa ne. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita ta wanke masa taɓo tun yana ɗan mitsitsi, don haka ita za ta yi masa sallama, ya matsa ya tare mata haske.

Rohan ya ba talatin baya, kuma a ƙwallon nan tamu ta Melbourne, wadda ake cafkewa da hannu a buga da ƙafa, wannan tsufa ne. Daga wasan Lahadi zai rataye takalmi. Tsoho ma yaran kulob suke kiransa. Da safe yana kan rufin gidajen mutane a yammacin Melbourne yana jera kwano, da yamma ya sauko ya ɗaura takalmi ya shiga fili. Haka ya yi shekara goma da ɗoriya a gasar jiha. Lokacin da yake matashi masu farautar 'yan wasa na gasar ƙasa sun zo sun dube shi, suka ce hannunsa ba ya sakin ƙwallo, zuciya kuma akwai ta, amma ƙafar ba sauri. Ba su ƙara waiwayarsa ba. Shi ma ya daina jira, ya mayar da burinsa abu ɗaya, wato ya ci kofin jiha, a rataya masa lamba a wuya. Lambar kuwa ba a ba kowa sai wanda ya buga wasan ƙarshe da ƙafarsa. Ko kai ka ɗauko kulob a ka tun farkon kaka, idan ran nan kana zaune, sai dai ka yi tafi.

Mahaifinsa, Manny, bai taɓa ɗaukar gasar jiha da wata daraja ba. Wasan 'yan unguwa yake ce mata. Yakan zo kallo dai, saboda Doris ba ta barinsa a gida, amma da 'yar rediyo manne a kunne yana sauraron gasar ƙasa. Sau da yawa Rohan zai cafke ƙwallo a sama, ya sauko ya duba inda tsohon yake, ya tarar yana murna da abin da ya faru a wani filin daban.

Babban kulob ɗin da Manny yake mutuwar so a gasar ƙasa shi ne kuma uban gidan Callow Park. Shekarun baya, da ƙaramin kulob ɗin ya kusa rufewa, aka ƙulla yarjejeniya: su taimaka masa ya tsaya, shi kuma ya ba 'yan wasansu da suka rasa gurbi, ko suke farfaɗowa daga rauni, wurin bugawa. Kowa ya san da wannan, kuma kowa ya iya mantawa da shi idan abubuwa suna tafiya daidai.

Ranar Juma'a babban kulob ya buga wasan kusa da na ƙarshe a gasar ƙasa. A gidan iyayensa Rohan ya kalla, Doris ta cika faranti da pastizzi masu zafi, gashin fulawar nan mai cuku a ciki. Da aka busa tashi, babban kulob ya tsallake da ƙyar, Manny ya yi tsalle irin wanda likita ya hana shi, ya rungume ɗansa. Rohan ya manta rabon da uban ya rungume shi. Ya yi ihu shi ma, da zuciya ɗaya, har muryarsa ta dishe. Bai tsaya ya yi lissafin abin da nasarar take nufi gare shi ba.

Washegari, bayan ɗan atisayen safe, koci Garry Petrakis ya ja shi gefe, wajen dogayen sandunan da ake cin ƙwallo a tsakaninsu. Mutum ne mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, amma ran nan ƙasa-ƙasa ya yi magana. Ya yi ta kewaye-kewaye kan iska da ciyawa, kafin ya ce babban kulob zai buga wasan ƙarshe na ƙasa Asabar mai zuwa, kuma suna son su gwada jijiyar cinyar ɗan wasansu Kade Marrinan kafin nan. Wata guda ke nan yana jinya. Ba wani wasa da ya rage da za a gwada shi sai na gobe.

"Gurbin wa?" in ji Rohan, alhali ya sani. Wuri ɗaya suke bugawa.

"Tsoho, na yi musu magiya."

"Gurbin wa, Garry?"

"Kai ne na ko-ta-kwana. Idan wani ya ji ciwo kafin a fara, ka shiga."

Rohan ya tambaye shi ko Marrinan ya taɓa sa rigar Callow Park. Kocin ya ce bai taɓa ba, amma dokar gasa ta ba su dama. Ya ɗora masa hannu a kafaɗa, ya ce da shi ke da iko, da ba haka ba. Rohan ya dubi hannun har sai da mai shi ya janye. Abin kunya, a hanyar gida ya kama kansa yana bin abokan wasansa ɗaya bayan ɗaya a zuci, yana tunanin wa ke da idon sawu mai rauni.

Ba wanda ya ji ciwo. Ranar Lahadi kowa ya tashi garau.

Labulen kuwa ba lokacin sake shi. Doris ta yi kuka a kicin, ta wanke fuska, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe sai an ɗaga shi yadda yake. Da aka fito da shi fili, iska ta taso daga teku tana neman ƙwace shi daga hannun matan. Wani jami'i ya waiga yana neman mai ƙarfi da ba shi da aikin yi, idonsa ya faɗa kan Rohan, wanda yake tsaye cikin kayan ɗumi. Haka ya tsinci kansa rungume da sandar labulen da ke yi masa ban kwana, yana turje ƙafa kada ya faɗi. Mutanen Callow Park da ke kan benaye suka karanta sunan suka ɗauki tafi, rabinsu ba su ma ji labarin an cire shi ba.

Ta baya 'yan wasa suke fitowa, rubutun ba ya fuskantarsu. Yaran kulob suka ɗan ja da baya, kowa yana jin nauyin ya zama na farko. Marrinan bai san dalilin tsaikon ba, kuma jininsa ya riga ya ɗumama. Ya ratsa su ya wuce, ya fasa ta tsakiyar harafin O, ya fito da jar takarda a gashinsa yana karkaɗewa.

Rohan ya zauna a bayan benci da niyyar ya tsani yaron. Ya so ya ga ya yi girman kai, ya ga ƙwallo ta suɓuce masa, ya ga jijiyar ta tsinke. Amma ba a jima da farawa ba aka bugo wata doguwa, mutum huɗu suka taru a ƙarƙashinta, Marrinan ya taho daga inda ba wanda ya zata, ya taka kafaɗar ɗaya ya ɗauke ta a sama, ya sauko yana gudu. Kafin mai tsaronsa ya juyo ya riga ya aika ta tsakanin sanduna daga inda Rohan, a ranar da ya fi kowace ƙarfi, sai ya nemi wanda zai miƙa wa. Ya sake yi, ya kuma sakewa. Ko haki ba ya yi. Wuraren da Rohan ya ɓata shekaru yana koyon tsayawa don ya rufe rashin saurinsa, yaron nan ba ya buƙatar saninsu, duk inda ƙwallo ta nufa sai ta tarar da shi. Wannan ne ya fi cin Rohan a rai, fiye da cirewar. Ashe mutanen da suka dube shi yana matashi ba su zalunce shi ba.

Ya ɗaga kai ya hango mahaifinsa a cikin jama'a. Rediyon tana aljihu. Tsohon yana tsaye, hannu biyu a sama, yana kallon fili kamar yau aka ƙirƙiro wasan.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, wani siririn mutum daga babban kulob, mai ɗauke da na'urar da ke auna gudun ɗan wasa, ya zo ya raɗa wa Petrakis magana. Jijiyar ta riƙe, sun ga abin da suke son gani, ba za su yi kasada da ita ba. Marrinan ya cire takalmi, aka naɗa masa ƙanƙara, ya ja bargo ya ɗauko wayarsa. Doka ba ta yarda a sa na ko-ta-kwana bayan an fara ba. Saboda haka Callow Park ta ƙarasa wasan da mutum ɗaya a rage, yara suna faɗuwa da ɗaurewar jijiya, Rohan kuma yana zaune taku kaɗan daga layi da ƙafafu biyu da suka ƙoshi da hutu.

Ya yi fatan su ci, ya yi fatan a cinye su, shi kansa bai san wanne ya fi ƙarfi ba. Suka ci. Ratar da Marrinan ya buɗe kafin hutu ce ta kai su, da ƙyar, amma ta kai su.

Aka kira suna ɗaya bayan ɗaya, aka rataya lambobi. Marrinan ya hau dandamali da silifa. A ɗakin sauya kaya 'yan wasa suka yi da'ira, hannu a kafaɗar juna, suka rera waƙar kulob, wasu suna kuka. Wani ya jawo Rohan ciki, ya buɗe baki tare da su. Marrinan bai san baiti ko ɗaya ba, yana gefe yana murmushi yana buga tafi a inda bai dace ba.

A nan Manny ya kutso, Allah kaɗai ya san yadda ya wuce masu gadi. Ya kama hannun Marrinan da hannu biyu, ya shiga ba shi labarin yadda yake bin babban kulob tun yana ɗaukar kaya a tashar jiragen ruwa. Yaron ya saurare shi da ladabi. Ba shi da wani mugun hali, kuma wannan ma Rohan bai yafe masa ba. Manny ya zaro waya ya miƙo ba tare da ya juyo ba.

"Rohan, ɗauke mu. Ka tabbatar an ga fuskarsa."

Marrinan ya dubi mai riƙe da wayar, ya ce, "Sannu da aiki, ɗan'uwa. Kai ne ka riƙe mana labule ɗazu, ko? Iskar nan ba dama."

Rohan ya ce shi ne.

Don hoton ya yi kyau, Marrinan ya cire lambar ya rataya wa tsohon. Da aka gama Manny ya kai hannu zai mayar masa, yaron ya ce a'a. "Riƙe ta kawai, Baba. Ni ta Asabar nake nema." Ya saɓa jakarsa, siririn mutumin nan yana jiransa a ƙofa, suka fita.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka kama hanyar gida. Rohan ne ke tuƙi. Doris tana baya, ta tsinto guntun labulen daga ciyawa, wani lanƙwasasshen yanki ja da ba za a gane na wane harafi ba ne, ta shimfiɗa shi a cinya tana gyara masa tamoji. Manny yana gaba, lambar tana lilo a ƙirjinsa. Ya ɗaga ta ya juya bayanta, ya gwada nauyinta a tafin hannu, ya ce a saman talabijin zai rataye ta.

"To, Doris," in ji shi, "yau dai lamba ta shigo gidan Attard."

Ya saki lambar ta koma ƙirjinsa. Ya buɗe wayar, ya kai ta kusa da ido, ya nesanta ta, ya yi tsaki. Hoton ya yi dishi-dishi. Ya dubi Rohan.

"Kai kuwa, duk yinin nan aikin da aka sa ka ke nan fa."

Fitilar hanya ta ba da hannu. Rohan ya sa giya, ya ce wa mahaifiyarsa gobe ba zai biyo cin abinci ba, yana da aikin rufi a unguwar Sunshine da sassafe.