Goshin Matar Mai Agogo

"Ni na ce na yarda? Yaushe na ce na yarda?"

"Jiya da la'asar, Baba," in ji Injiniya, babban ɗansa, yana kwatanta masa da hannu. "A falo, gaban kowa. Har sau biyu ka faɗa."

Ƙanena Mai Agogo bai ko dubi ɗan nasa ba. Matarsa ya duba, daidai goshi, kamar yadda ya saba. Goshin kuwa yana nan sumul kamar bayan faranti, har hasken fitilar shagon yana zamewa a kansa.

"Dube ta!" ya daka tsawa. "Za a raba ni da shagona, ita ko a jikinta!"

"Raina a ɓace yake, Malam! Tun jiya nake fushi!"

"Ga shi nan har murna take yi."

Ni ina kan benci a bakin ƙofa, inda nake zama kullum ƙafata ta sha iska. Ni ce yayarsa, Goggon yaran, kuma ba na shiga maganar da ba tawa ba. Can ciki wani mai aski, wanda aka yi wa alkawarin shagon, yana ta auna bango da tef. Sai ya ɗaga agogon bango ya leƙa bayansa, ya mayar, ya ɗaga na kusa da shi, yana neman inda zai kafa madubi.

Bari in koma baya kaɗan, don kada a ɗora wa baiwar Allah laifin da ba nata kaɗai ba.

Shekara shida ke nan kunnen ƙanena ya yi nauyi. Nauyi ma na ce don kara. In tayar mota ta fashe a bakin titi, shi sai dai ya ga tattabaru sun tashi. Amma ka ce masa ba ya ji, ka ga tashin hankali. Mutumin da ya shekara arba'in yana kara agogo a kunne ya faɗi ciwonsa, shi ne za a ce wa kurma? Gyara dai bai gagare shi ba, don yatsunsa sun san hanya. Magana da masu kawo gyaran ce matsala.

Sai matarsa ta ɗauko kujera da matashi ta dasa a gefen teburinsa, ta ce zaman gida ya ishe ta. Allah ya yi wa matar nan goshi. Layi uku a kwance, biyu a tsaye tsakanin gira, kowanne da aikinsa. In ta haɗe gira, ma'ana kada ka yarda, sai ya ce, "A'a, ba zai yiwu ba." In ta ɗaga duka biyun, tambaya aka yi, sai ya ce, "Bari in buɗe in gani tukuna." In ta ɗaga ta hagu kaɗai, mutumin wasa ya yi, sai ƙanena ya yi dariya har da buga tebur. In kuwa ta saki goshin ya kwanta, komai lafiya, sai ya ce, "To, na yarda."

Haka suka yi shekara shida, mutane suna cewa ba a taɓa ganin miji da mata masu shiri irinsu ba, ko ido ba ya ɗaukewa daga kanta. Mu uku muka san sirrin, ni kuwa ba mai surutu ba ce. Mutum ɗaya tak na taɓa gaya wa, Auta, ƙaramar 'yarsu, ita ma don ta kawo mini man zafi ta zauna tana murza mini gwiwa, hira ta yi daɗi.

Yaran sun daɗe suna so ya bar shagon. Tsakanin gida da shago akwai babban titi, sau biyu mai babur yana kusan kwashe shi, yana ta danna oda shi kuwa yana tafiyarsa kamar mai zagaya gonarsa. Duk ranar da suka tayar da maganar, uwar ta haɗe gira, uban ya ce ba zai yiwu ba, a tashi.

Ana nan sai Auta ta zo da hotuna a wayarta. "Umma, dubi nan. Dubi wannan ma. Duk hoton da aka ɗauka kamar an aiko ki karɓar gawa. Jikokinki tsoronki suke ji." Ta ce akwai wata allura da ake yi a goshi, tana sa naman wurin ya huta, tamoji ya baje. Uwar ta ce ita ba ruwanta da aikin 'yan zamani. Ta faɗi haka ran Litinin. Ran Alhamis muna cikin mota. Na bi su ne don kada a ce ba babba a tafiyar.

Ɗaki ne fari fat, sanyi kamar cikin firji, da kujera mai kwantawa irin ta masu cire haƙori. Likitar mace ce. Ta yi mana maraba, ta ce ta yi farin cikin ganinmu, na yi ta neman farin cikin a fuskarta ban same shi ba. Ta ce wa matar ƙanena, "Ɗan haɗa rai in gani." Ta haɗa. Likita ta ja da baya, ta leƙa waje ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani. Sannan ta ɗauki alƙalami ta ɗiɗɗiga mata ɗigo a goshi, ta bi kowane ɗigo da 'yar allura siririya kamar gashi. Kafin in gama shan ruwan da aka ba ni an gama. Aka ce kada ta kwanta ko ta murza wurin sai bayan awa huɗu, aikin zai fara nunawa cikin kwanaki, ya kai wata uku ko huɗu.

"Saura ke, Goggo," in ji Auta.

Na ce tawa fuskar ta wuce allura, sai dai dutsen guga.

Kunya ta hana ta gaya wa mijin. A zatonta layukan ne kawai za su tafi, girar tana nan a hannunta. Kwana uku ba abin da ya canza. Ran na biyar wani ya kawo gyaran fanka, ta haɗe gira iya ƙarfinta, girar ta ce ba da ita ba, ƙanena ya ce, "To, na yarda." Ran na bakwai ya karɓi injin markaɗe da keken yara. Ran na takwas wani dattijo ya tsaya yana ba da labarin yadda ɓarayi suka kwashe masa kaya, ƙanena ya dubi goshi ya ga lafiya lau, ya ce, "Madalla, haka ake so."

Ran na goma yaran suka kira taro a falo. Auta ta zauna tsakanin uwa da uba, yadda ko ƙafar uwar ba za ta kai ta taka uban ba. Injiniya ya yi bayani yana kallon ƙasa, wai ladabi, ya ƙare da cewa Baba ya ba da makullin shago ya huta. Uwar ta ce, "Malam, ka yi tunani fa!" Shi kuwa ya ga baki ya motsa, goshi a kwance. Ya ce, "To, na yarda." Injiniya ya sake tambaya. Ya sake yarda. Ya tashi yana ta fara'a, a zatonsa maganar fentin gida aka yi.

Shi ne da safe ya buɗe shago ya ga mai aski da tef.

"Shekara shida ban taɓa yi maka ƙarya da fuskar nan ba!" in ji matar. Da ta ga yana kallon goshin bai gane ba, sai ta sa yatsu biyu ta matse girarta da hannu, ta riƙe.

"Yauwa!" in ji ƙanena. "Ba zai yiwu ba!" Sai kuma ya tsaya. "Me ya sa kike riƙe ta da hannu?"

Ta saki. Goshi ya koma faranti.

Auta ce ta yagi takarda daga littafin da yake rubuta sunayen masu gyara, ta rubuta masa da manyan baƙaƙe: ALLURA AKA YI MATA. GIRAR BA TA MOTSI. Ya ɗora gilashin nan na ido ɗaya da yake duba cikin agogo da shi, ya karanta. Ya matso ya duba goshin matarsa da gilashin, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan.

"An cire sifirin ɗin da ke motsa shi," ya ce, kamar mai maganar agogo. "Wa ya taɓa mini shi?"

Mai aski ya tambaya ko akwai wani soket bayan na bayan kabad, ba wanda ya kula shi.

Auta ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan akwati kamar na zobe. A ciki akwai na'urar nan ta ji, 'yar mitsitsiya, da ake maƙalawa a bayan kunne. Ashe tun bara suka kai shi awon kunne da sunan awon jini, suka karɓo ta, ya ce in ya sake ganinta sai ya taka ta. Injiniya ya karɓi takardar ya rubuta a ƙasa: KO WANNAN KO MAKULLI. BA MA SO MOTA TA KASHE KA.

Ƙanena ya karanta. Ya dubi akwatin, ya dubi makullin da ke rataye a ƙusa, sannan ya juya ga inda ya saba samun amsa. Matar ta ɗaga yatsunta biyu za ta kai goshi. Suka tsaya a hanya. Ta dubi mai aski, ta dubi kujerarta da matashinta, ta sauke hannun ta ɗora a cinya.

Ya jima yana jira. Da ya ga ba abin da zai zo, ya ce, "Ni fa ina ji sarai. Don dai ku bar ni in huta ne." Ya miƙa kunne.

Auta ta maƙala masa, ta murɗa wani abu. Ya zabura ya dafe tebur. Agogo arba'in da wani abu ke jikin bangon nan, kowanne da tasa tafiyar. Ya kasa kunne, baki buɗe, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ƙura ce. Can ya nuna kusurwa.

"Wancan mai katako ɗingishi yake yi. Tun yaushe?"

"Shekara uku," in ji matar.

Ya juya ya dube ta, wannan karon a baki. "Ashe muryarki ta tsufa."

Sannan ya ga mai aski. "Kai kuma malam, naɗe tef ɗinka. Nan ba a aski." Mai aski ya dubi Injiniya, Injiniya ya ɗaga kafaɗa. Ya naɗe, ya ce ai dama bangon a karkace yake, ya fita.

Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Sai matar ta juya ga 'yarta, murya ƙasa-ƙasa, ta manta yanzu ana jinta.

"Ke Auta. Da kika kai ni wurin allurar nan, kin san abin da goshina yake yi a shagon nan?"

"Umma, ai kin yi kyau."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Na sani. Goggo ce ta gaya mini."

Na duba ƙafata, don a lokacin ta ɗan motsa mini.

"Wato ba jikokina ne suke tsorona ba."

"Suna ɗan ji, Umma. Amma ba sosai ba."

Ƙanena, da yake yau ya fara jin magana bai san inda ake taka ta ba, ya ga ya kamata ya faranta wa matarsa. Ya dafa bayan kujerarta ya ce, "To alhamdulillahi. Kin sha wahala da ni. Daga gobe ba sai kin riƙa zuwa shago ba, ki yi zamanki a gida ki huta. Kujerar ma sai in ɗora fankar nan a kai."

Ta miƙe tsaye. Fuskar nan lumui, kamar wadda aka yi wa albishir. Ta ɗauki matashinta ta saƙale a hammata, ta ɗauki kofin shayinta da tabaraunta.

"Kun gani ko," in ji Injiniya. "Umma ma ta ji daɗi."

"Ai dubi fuskarta," in ji uban.

Ni da na san ta shekara arba'in ban dubi fuska ba. Jijiyar wuyanta na duba, na janye ƙafata daga bakin ƙofa, na toshe kunne. Ƙanena ba wanda ya gaya masa ya toshe nasa, ga na'ura an murɗe masa ita har ƙarshe.

Ta wuce ni, ta kama ƙofar ƙarfen da hannu biyu, ta maka ta da ƙarfin da sai da agogo uku suka faɗo daga bango.