Kwalbar da Nu'uman Ya Ƙi Karɓa

In gaskiyar da za ta wanke mutum ɗaya ita ce za ta ɓata wani, wa ya kamata a fara tausaya wa? Na daɗe ina juya wannan, ban samu amsa ba.

Ƙanena Nu'uman manomin shinkafa ne a fadamar Ambursa. Matarsa ta fari, Laure, ta rasu ta bar masa ɗiya guda, Ni'imatullahi. Ya auri Zakiyya, shekaru suka yi ta wucewa, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba.

Wata likita a Birnin Kebbi ta ce ba za ta soma magani ba sai an gwada su duka biyu. Zakiyya ta yi nata: gwajin ciwon hanta, na ƙanjamau, na sikila, har da hoton mahaifa da ake ɗura ruwa, wanda ta dawo daga gare shi tana tafiya a duƙe. Ba a ga komai ba. Saura maniyyin miji. Aka miƙa wa Nu'uman kwalba, ya ƙi karɓa, ya ce shi mai ɗiya ne, a nemi laifi wani wuri.

Na same shi a gona yana gyaran injin ban ruwa.

"Kai, mi kake tsoro? Kwalba ce fa, ba kabari ba."

Bai ɗago ba. "Yaya, ka tuna hangum ɗin da na yi Argungu muna samari? Wanda ya sauka ƙasa na kumbura?"

Na tuna. Na kuma tuna wani ma'aikacin asibiti ya faɗa wa Goggo, mahaifiyarmu, cewa da wuya yaron nan ya haihu. Ranar da aka haifi Ni'ima, Goggo ta rangaɗa guɗa ta ce ƙaryar ma'aikacin nan ta sha ƙarya.

"In suka ce ban taɓa iyawa ba, Ni'ima ɗiyar wa ce? Laure na cikin ƙasa. Wa zan tambaya?"

Na ce a shari'a ɗiyar da aka haifa a ɗakin aure ta mijin ce. Ya ce ba shari'a ke kallon fuskar yarinyar kowace safiya ba.

Zakiyya ba ta san komai ba. Ta roƙe shi ya yi gwajin har ta gaji. Wata rana muna zaune, tana yi wa Ni'ima kitso, sai ta ce, "Baban Ni'ima, na bar zancen asibiti. In dangi sun tambaya, ka ce ni ce juya. Dama haka suke cewa."

Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da kitsonta.

Washegari Nu'uman ya zo ƙofar gidana da babur. Har muka shiga Birnin Kebbi magana ɗaya ya yi: "Ko mi suka gano, Yaya, ba zan dawo gida yadda na fito ba."

A asibiti, mai gwajin ya sake miƙo kwalbar. Nu'uman ya goge tafinsa a riga, ya karɓa, ya shiga ɗakin da aka nuna masa ya ja ƙofa.