Kwangilar da Aka Sallama wa Dikko

Ranar da aka ce Alhaji Dikko na Maradun ne ya samu kwangilar, Mu'awiya dariya ya yi, don ya zaci zolayarsa ake yi. Wata hukumar gwamnati ce ta nemi wanda zai koya wa ma'aikatanta na Talata Mafara da Bakura da Maradun yadda za su tsare kwamfutocin ofis daga ɓarayin intanet. Wannan kuwa shi ne abin da Mu'awiya ya karanta, shi yake koyarwa a ɗan shagonsa na bakin tasha, kuma ya nemi aikin. Shi ko Alhaji Dikko uban dillalan shanu ne. Kamfaninsa taki yake kai wa manoman Bakolori, kuma kowa ya san ko saƙo aka turo masa a waya sai ya nemi mai karanta masa.

Ran Mu'awiya bai gama ɓaci ba sai da ya je Bakura ya leƙa ajin farko. Malamin da Dikko ya ɗauko yana kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi, wai a ji ko tana da ƙwari. Tagogi a buɗe, har masu sayar da rake a waje suna ji. Daga nan bai zame ko'ina ba sai wurin kwamitin da ke sauraron ƙorafin kwangiloli.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne mahaifinsa. Malam Malami mahauci ne, tun kafin a haifi Mu'awiya teburinsa bai taɓa wayar gari ranar kasuwa babu nama ba, kuma duk san da zai yanka ta hannun dillalan Dikko yake biyowa. A kara, inda ake cinikin shanu, akwai dokar da ba a rubuta ba. Idan mai dabba ya ce ya sallama, ya miƙa igiya, magana ta ƙare, ko an yi tsada ko an yi araha. Wanda ya zo daga baya ya tada cinikin, ba shi kaɗai ake juya wa baya ba, har da gidansu.

Dikko da kansa ya zo gidan. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da gajiya da ruwan bana, kamar babu komai. Sannan ya ce yaron ya janye ƙorafinsa, shi kuma zai sallami wancan malamin ya ba shi ajin ya koyar a ƙarƙashinsa. A ganin Malami an ma yi musu karamci. Mu'awiya kuwa, da yake zuciya ta riga ta ɗebe shi, sai ya ce ba zai yi wa mai taki boyi a kan aikin da aka ƙwace masa ba. Dikko bai ko dube shi ba. Ya sa takalmansa a hankali, ya juya ga uban.

"Malami, ɗanka ya kama igiyar da anka miƙa mani. Kai ka san abin da aka yi ma mai yin haka."

Bayan ya fita, Malami ya ce da ɗansa, "Gwamnati ta sallama mai. In sun yi kuskure, tsakaninsu da Allah. Tahi ka janye."

"Baba, wagga ba saniya ta ba. Mutane za a cuta."

"Ni ciniki guda na sani," in ji Malami.

Mu'awiya bai janye ba. Yana da gaskiya, kuma ya san yana da ita, abin da ya ƙara masa taurin kai ke nan. Ya ɗauka barazanar tsofaffi ce kawai.

Talatar da ta biyo baya, ranar kasuwa, duk san da Malami ya ɗora wa hannu sai dillali ya ce masa ai an riga an yi cinikinsa. Ba wanda ya zage shi, gaisuwa ma har ƙasa. Ya hau mota ya sha wahalar hanya zuwa kasuwar Janbako, can ma labari ya riga shi. Teburin ya zauna fayau, masu sayen namansa suka koma na maƙwabta. Ya daina cin abinci tare da ɗansa, ya daina amsa gaisuwarsa. Inna Tabawa, mahaifiyar Mu'awiya, ta sami ɗan nata a bayan gida inda take ba jar saniyarta dusa, wata mai karyayyen ƙaho wadda da kuɗin ɗan maraƙinta aka saya masa kwamfutarsa ta farko. Ta roƙe shi har da hawaye. Ya ce ta yi haƙuri, in gaskiya ta fito kowa zai dawo hanya.

Gaskiya kuwa ta fito. Kwamiti ya kira ma'aikatan Bakura, suka faɗi yadda aka sa su tona lambobinsu. Aka soke kwangilar, aka ce za a sake tallata ta. Mu'awiya ya kwana a Gusau, inda kwamitin ya zauna, da safe ya kamo hanyar gida cike da murna. Ranar Talata ce, sai ya wuce kasuwa kai tsaye don uban ya fara ji daga bakinsa.

Tun daga nesa ya hango nama a teburin, ja wur, mutane sun kewaye. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a ransa ashe dillalan sun riga sun sauko. Sai da ya matso ya ga kan dabbar a ƙarƙashin tebur, cikin kwano, da karyayyen ƙahon nan da ya sani tun yana yaro. Jar saniyar Inna Tabawa ce.

Malami ya ɗago ya dube shi, irin duban da yake yi wa baƙon da ya sauka daga mota. Ya goge wuƙa a jikin tsumma.

"Malam, na nawa za a yanka maka?"