Allah Ya Kai Mu, In Ji Datti

Duk unguwar Sri Petaling, can ƙasar waje inda 'yan gida ke zaman karatu, babu wanda ya kai Datti sanin wasan kati na poka, kuma mutumin da ya fara tabbatar da hakan shi ne Datti. Ya daɗe yana digirin dokta a jami'ar da ke titin Jalan Semarak a kan ilimin yanke shawara, ya yanke komai a ciki ban da ranar gamawa. In ka kuskura ka ce caca yake yi, ka jawo wa kanka wa'azi. Bincike ne, in ji shi, ko sisi ba ta shiga, da ƙwallon dabino ake bugawa.

Har Hausa ya ɗinka wa wasan. Wanda zai zubar da katinsa ya fita sai ya ce "na haƙura." Wanda ba zai zuba komai ba, yana so zagaye ya wuce kawai, sai ya ce "Allah Ya kai mu."

Wannan ta biyun ta fi zama a bakinsa, domin ita yake gaya wa Kamila. Kamila 'yar Zariya ce mai karatun harhaɗa magunguna a jami'arsu, kuma Datti yana sonta so na gaske, wannan kam ba a yi masa ƙarya. Amma duk ranar da ta tambayi yaushe magabatansa za su je gida, sai ya gyara tabarau ya ce bari ya gama rubutu, Allah Ya kai mu. A lissafinsa ina za ta? Ga tallafin gwamnati, ga gemu a tsare, ga dokta saura ƙiris. Ta bar tambayar kwanan nan, shi kuma ya ce hankali ne ya zo mata.

Ran Asabar bayan la'asar ruwa ya ɓarke, suka shimfiɗa darduma a falo su uku. Seth, ɗan Jos mai aikin kwamfuta, shi ke raba kati. Mus'ab, ƙaramin cikinsu, wanda Datti ya koya wa wasan da hannunsa, ya shigo da shayi daga mamak, shagon shayin unguwar, da wata roba cike da dambun nama. Datti ya ɗana, ya ce dambun nan kamar na Kamila. Mus'ab ya ce ai dambu duk kamarsa ɗaya. Masanin ya gamsu, ya ƙara cika baki.

Aka raba. Datti ya leƙa nasa ya ga sarakuna biyu, ya haɗe rai don kada murna ta tona shi. Seth ya zubar da nasa tun da wuri, ya buɗe katunan tsakiya guda uku waɗanda kowa ke haɗawa da na hannunsa: bakwai, takwas, tara, biyu daga ciki masu zuciya.

"Yauwa, ga lecture ta zo da ƙafarta," in ji Datti. "Mus'ab, kalli board ɗin nan. Sun jeru kamar 'yan gida ɗaya, ga zuciya biyu. Kati ɗaya ya faɗo, wani ya cika jeri ko ya cika launi. To in kana da hannu mai ƙarfi a nan me za ka yi?"

"Ka zuba da nauyi, Yaya Datti."

"Saboda me?"

"Saboda mai jira ya biya kuɗin jiransa."

"Shi ke nan! Never give a free card, kada ka bar kati ya fito kyauta. Wawa ne kawai ke riƙe babban hannu ya zauna yana jin daɗin kansa. Kana ganin kai ne sarki, wani yana gefe shiru yana haɗa nasa."

"Oga, abeg play," in ji Seth. "Shayin zai huce."

Datti ya kai hannu ga tulin dabinonsa. Mus'ab ya yi gyaran murya, idonsa a darduma.

"Yaya, akwai maganar da nake so ka ji daga bakina. Kawuna ya je Zariya wancan makon. An ba ni Kamila."

Ruwa na ta dukan taga. Datti ya kalli robar dambun. Sai yanzu ya jera alamomin: tambayar da ta daina, bas ɗin Jalan Semarak da Mus'ab ya koma shiga alhali ba makarantarsa ba ce, da robar nan da ke gabansa. Duka a buɗe suke a tsakiyar fili tun tuni, shi ne dai ya tsaya kallon na hannunsa.

"Na tambaye ta kafin in aika," in ji Mus'ab a hankali. "Ta ce babu alkawarin kowa a kanta. Bayan Babbar Sallah za a ɗaura."

Bahaushe ba ya jin an sa ranar biki ya yi shiru. Bakin Datti ya buɗe da kansa.

"Allah Ya kai mu."

"Check ke nan, ka bar zagaye ya wuce," in ji Seth, wanda ba ya wasa da doka.

"A'a, ba wannan nake..."

"Oga, kai ka kafa dokar. An faɗa an faɗa."

Mus'ab ma ya bari ya wuce. Seth ya juya kati na huɗu, kyauta, babu wanda ya biya ko ƙwallo ɗaya. Goma ce mai zuciya. Mus'ab bai ɗago kai ba, ya sa hannu biyu ya turo dabinonsa gaba ɗaya zuwa tsakiya, kamar mai ba da haƙuri.

Datti ya sake leƙa sarakunansa. Suna nan yadda suke, da rawaninsu da gemunsu, kyawawa, ba su da sauran amfani. Ya so ya yi bayani, don bai taɓa rasa bayani ba, amma ya fasa. Ya kife su a kan darduma, ya tura wa Seth.

"Na haƙura," ya ce.