Mai Walda da Kwandala Mai Tsatsa

Mai Walda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gaba da tsatsa. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, duk abin da ya shigo shagonsa da ja-ja a jiki sai ya fita yana sheƙi. Da likita ya raba shi da wuta da ɗaukar nauyi, ya koma gida ya zauna, kuma zaman bai karɓe shi ba ko kaɗan, don mutum ne da bai iya naɗe hannu ba.

Maƙwabcinsa ne ya jawo abin. Yana haƙa ramin dasa bishiya ya ci karo da gwangwani cike da tsofaffin kwandaloli, sun yi kore sun manne da juna. Har zai zubar, Mai Walda ya ce a ba shi. Ya kai su ƙaramin ɗakin bakin ƙofa inda sauran kayan aikinsa suke, ya ɗauko buroshin ƙarfe da samfefa da ɗan ruwan batir, ya yi musu abin da ya iya. Kafin mako ya zagayo kowacce tana ɗaukar ido.

Ya ƙulle su a ƙyalle ya kai wa wata dattijuwa mai shagon tsofaffin kaya a bayan kasuwa, wadda aka ce ta san kan kwandala. Ya baje su a teburinta yana jiran yabo. Ta ɗauki ɗaya, ta juya, ta ajiye.

"Malam, wa ya feɗe su?"

"Gyarawa na yi."

"Ka kankare musu fata. Baƙin nan da ka cire shi ne shekarunsu, shi masu tarawa suke saye. Yanzu sai dai a auna su a kilo."

Abin ya yi masa zafi ƙwarai. Ba asarar ce ta dame shi ba, illa a ce wai shi ne bai san ƙarfe ba. Wani da tuni ya watsar, amma Mai Walda taurin kai gare shi na bugawa a jarida. Ya ci gaba da bin masu sayen tsofaffin ƙarafa yana tsintar kwandaloli a buhunansu, ya sayi gilashin ƙara girma, ya kulle buroshi a akwati don kada hannu ya yi masa gardama. Girman kai bai bar shi ya roƙi Mai Shago ta koya masa ba. Sai dai ya je shagon ya tsaya gaban tsofaffin fitilu kamar mai saye, kunnensa na kan abin da take gaya wa masu ciniki. Ita kuwa ta gane sarai, har takan ɗaga murya idan ta zo wurin da ya kamata ya ji.

A gida, 'yarsa Auta ta gaji. Ita ce ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarta, ɗinki take yi, kuma ta daɗe tana son ɗakin bakin ƙofa don masu kawo aiki su daina ratsa tsakar gida.

"Baba, gwangwanaye sun cika ɗaki. Matar nan da bakinta ta ce ba su da amfani. Ka bari a ba masu ƙarafa, na sa keken ɗinkina."

Ta faɗa a hankali, irin muryar da ake lallashin tsoho da ita, kuma wannan muryar ta fi zagi ciwo a wurinsa. Ya ce to, su tafi shagon tare. Zai zaɓi kwandala ɗaya ya faɗi darajarta kafin Mai Shago ta buɗe baki. In ya kuskure, ɗaki nata ne har da kwaɗo da mabuɗi.

Ranar tafiya ya zaɓi wata babba ta tagulla, mai hoton kan mutum a gefe ɗaya da tsuntsu a ɗayan, wadda bai taɓa ta da komai ba sai busasshen ƙyalle. Auta da ta ga girmanta da tsufanta sai jikinta ya fara ba ta cewa ƙila tsohon ya yi babban kamu. A hanya har ta tambaye shi ko za ta kai kuɗin sayen babur. Shi kuwa ya gyara tafiya kawai.

A shago ya ajiye ta a tebur ya ce, "Ranki ya daɗe, kada ki ce komai tukuna. Ni zan faɗa."

Mai Shago ta jingina da kujera. "Ina ji."

Ya ɗora gilashi a kanta. "Ta gaskiya ce, ba zubi ba ce, bakinta ba shi da layin haɗi. Baƙin da ke jikinta mai kyau ne, ya kama ya zauna. Amma ta sha hannu, gashin mutumin ya shafe, gashin tsuntsun ma haka. A shekarar da ke rubuce a jikinta an buga su da yawa, na ga irinta ba iyaka a buhunan ƙarafa." Ya matsa gilashin zuwa gefe. "Ga kuma kore mai gari-gari a nan. Wannan ba ado ba ne, cin ta yake yi, kuma zai kama na kusa da ita in an haɗa su wuri ɗaya. In kin ba ni kuɗin motar komawa gida, kin yi mini alheri."

Auta ta dube shi baki buɗe. Mai Shago ta karɓi gilashin ta duba da kanta, ta ɗauki lokaci har zufa ta karyo masa. Sannan ta ajiye.

"Ba ni da abin ƙarawa," in ji ta.

"Wato ba ta da daraja kenan, Baba?"

"Ba ta da ita," ya ce, fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa kyautar gida. "Kuma ni na faɗa."

Mai Shago ta sunkuya ta jawo wani kwano daga ƙarƙashin tebur, cike da kwandaloli da ƙasa a jikinsu. Ta ce an kawo mata su tuntuni, idonta ba ya jure dogon dubawa yanzu. In yana da hali ya zo gobe ya ware mata, ya kuma daina tsare mata fitilu tunda ba saye yake yi ba. Ya ce zai duba ko yana da lokaci, shi da ba shi da abin da ya fi lokaci yawa.

Sun fito sun bi ta layin masu sayar da robobi. Can Auta ta ce keken zai iya zama a ɗakinta, da ma hasken can ya fi. Ya gyaɗa kai kawai. Sai da suka kai bakin titi, inda mutane suka taru suna jiran mota, ya tsaya.

"Auta, me matar nan ta ce ne da na gama magana? Ban ji sosai ba."

Ya ji, kuma ta san ya ji. Ta yi murmushi.

"Ta ce ba ta da abin ƙarawa, Baba."

"Ɗan ɗaga murya," in ji shi. "Akwai hayaniya."